Na ƙara yawan numfashi a tiyon Bain amma CO2 ta ƙi sauka: ana iya lissafa ta tun kafin a gani?

Tambaya:

"Dokta, barkanku da aiki. Ni ma'aikaciyar anastazi ce, wato sa barci don fiɗa, a wani asibiti cikin jihar Tawa. Ɗakunan fiɗa biyu gare mu, kapno ɗaya, wato na'urar da ke auna iskar CO2 da maras lafiya ke fitarwa a numfashi, shi ma ɗan siririn tiyonsa kan toshe da ruwa. Makon jiya mun sa wata mata mai kilo 60 barci don aikin maƙoƙo, da tiyon Bain, wato wani nau'in tiyon da ke kai wa maras lafiya iska, da injin numfashi. Na sa debi, wato yawan iska sabuwa da ake zuba wa tiyo, lita 3 a minti don mu tattala oksijin, numfashi mililita 450 sau 12. CO2 na ƙarshen numfashi ta kai 58. Na mayar da numfashi sau 18, da ƙyar ta sauko 54, kuma layin kapno ba ya taɓa ƙasa, wato ba ya komawa sifiri lokacin shaƙa. Mene ne na kasa ganewa? Sannan ranar da kapno ke ɗayan ɗakin, akwai lissafin da zan dogara da shi in san inda CO2 take?"

Amsa:

Ƙanwata, barka kadai, Allah ya ba da ladan aiki. Abu biyu kika tambaya: me ya hana lambar sauka bayan kin ƙara numfashi, da kuma ko mutum zai iya ɗaukar biro da takarda ya faɗi inda CO2 za ta tsaya tun kapno bai nuna ba. Ana iya lissafawa, kuma lissafin kan zo kusa da gaskiya ga mai lafiyar huhu da zuciya wanda ke ce kike hura masa numfashi. Sai dai abin da ke riƙe da lambar yakan sauya daga wannan tiyo zuwa wancan. A wani tiyon numfashi ne ke da iko, a wani kuma debi ne. Naki na biyun ne.

Tushen lissafin

Jiki ba ya daina samar da CO2. Babban mutum a kwance yana hutawa kan fitar da kimanin mililita 200 a minti. In aka sa shi barci, tsokoki suka saki, jiki ya ɗan yi sanyi, sai ta sauko wajen 160 zuwa 180, wato mililita 3 ga kowane kilo ko ƙasa da haka kaɗan. Hanyar fitarta ɗaya ce, huhu. Don haka yawanta a jini ya rataya ne kan abin da jiki ke samarwa da kuma iskar da ke kaiwa can cikin ƙananan jakunkunan huhu inda take haɗuwa da jini. Ki ɗauki CO2 da jiki ke samarwa a minti da mililita, ki ninka da 0.863, ki raba da litocin iskar da ke kaiwa cikin jakunkunan a minti. Abin da ya fito shi ne CO2 na jinin jijiya da mmHg, wanda daidai ɗinsa 35 zuwa 45 ne.

Ba duk iskar da kika hura ke kaiwa can ba. Wata takan tsaya a hanya, cikin maƙogwaro da rassan huhu da bututun da muka sa, ta dawo ba ta taɓa jini ba. Ga wanda ke cikin barci ni nakan cire kashi ɗaya cikin uku. Mu gwada da matar taki. Mililita 450, a cire 150, saura 300. Sau 12 ya ba da lita 3.6. In mun ce tana samar da 170, lissafi ya ba da kusan 41. Kapno kuma kan nuna ƙasa da na jini da 2 zuwa 5, don haka da a tiyon da ba ya mayar mata da tsohon numfashi take, da 36 zuwa 39 za ki gani.

Ki lura da yadda ƙaramin abu ke juya wannan lamba. In kika ƙara filtir da guntun tiyo mai lanƙwasa tsakanin bututun maƙogwaro da mahaɗar tiyon, suka ci mililita 60, iskar da ke aiki ta koma 240 ke nan, CO2 ta haye 51, alhali ba ki taɓa komai a injin ba. Ga yaro mai kilo 10 da numfashinsa duka bai wuce mililita 70 ba, filtir na manya kan cinye rabi ko fiye. Wannan shi ne abu na farko da nake dubawa in aka kira ni kan yaron da CO2 ɗinsa ta ƙi sauka.

Tiyon zagaye da sho

A tiyon zagaye, wanda Brian Sword ya bayyana a 1930, iskar da maras lafiya ya fitar takan bi ta cikin gwangwanin sho, farar tsakuwar nan mai shanye CO2, kafin ta komo masa. Muddin sho na da rai kuma bawul biyun nan na shiga da fita suna rufuwa da kyau, CO2 da ake shaƙa sifiri ce, lissafin da na yi a sama yana aiki yadda yake, kuma debi ba shi da hannu a ciki. Ko rabin lita kika sa ko shida, numfashi ne ke sauke lambar.

Matsalarmu a nan ita ce sho ɗin kansa. Yawancinsa kalsiyam haidiroksaid ne da ɗan soda da ruwa kimanin kashi 15 cikin 100, kuma ba ya aiki sai da wannan laimar. A takarda giram 100 kan shanye wajen lita 25 na CO2, amma a aikace ba ya kaiwa, saboda iska kan tsaga wa kanta hanya ɗaya ta gefen gwangwani ta bar sauran. Buhun da aka buɗe aka ajiye a zafin watan Afrilu na Yamai, ko lokacin hunturu da iska ta bushe ƙarau, kan rasa ruwansa tun ba a zuba shi ba. Busasshen sho ba raunin shanyewa kaɗai ne aibinsa ba, in ya haɗu da izofuluren, maganin barci na shaƙa, yana iya haifar da iskar kabon monoksaid mai guba.

Kada launi ya ruɗe ki. Irin da ke komawa ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi ya danganta da kamfani, amma wanda muka fi samu fari ne yana rikiɗa zuwa launin shunayya, kuma in ya kwana sai ya koma fari tas kamar sabo. Sau da yawa nakan tarar da gwangwani da safiyar Litinin fari ƙal, a fara aiki, kafin rabin awa launin ya dawo tun daga ƙasa har tsakiya, layin kapno ya daina taɓa ƙasa. Ki riƙa ɗora tafin hannu a jikin gwangwanin ana cikin aiki. Sho mai aiki yana ɗumi, har za ki ga raɓa a jikin roba. In sanyi ƙalau yake bayan an daɗe ana aiki da ƙaramin debi, ya mutu. Kafin a sauya shi, ki ɗaga debi ya haura yawan numfashin minti, iska sabuwa za ta kore tsohuwar ta bawul ɗin fitarwa.

Abin da ya faru da ke a tiyon Bain

Tiyon Bain ba shi da sho kuma ba shi da bawul mai raba shiga da fita. Yana cikin rukunin da William Mapleson na Cardiff ya jera a 1954 daga A zuwa E, shi nau'in D ne, kuma Bain da Spoerel suka fito da shi a Kanada a 1972. Iska sabuwa tana zuwa ta ɗan siririn tiyo na ciki har bakin maras lafiya, wadda ya fitar kuma tana komawa ta babban tiyo na waje. In aka sake hura numfashi, abin da debi bai iya cikewa ba daga wannan babban tiyon ake ɗibarsa, da CO2 ɗin da ke ciki.

To, ki tsaya ki dubi tiyon da maras lafiyar gaba ɗaya. Lita 3 kike zubawa a minti, don haka lita 3 ne kusan ke fita ta bawul, ba ƙari. Duk CO2 da jikinta ke samarwa dole ta hau cikin waɗannan lita 3 ta fita, don ba wata ƙofa. Mililita 170 cikin lita 3 kusan kashi 6 cikin 100 ne, wato wajen 43 mmHg. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da huhunta zai iya kaiwa, ko da a ce ko ɗigon iska sabuwa bai tsere ba tare da ya shiga huhu ba. Alhali kuwa yana tserewa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu, shi ya sa lambar gaskiya ke komawa 55 zuwa 58. Daidai inda kika tarar da ita ke nan.

Da kika mayar da numfashi sau 18, iskar nan ɗaya kika ƙara jujjuyawa tsakanin huhu da tiyo. Kamar mai wanki ne a ruwa ɗaya, ko ta yini tana cuɗawa, in ba ta sake ruwa ba dauɗar na nan. Numfashinki na farko, lita 5.4 a minti, ya riga ya kusa ninka debi, kuma da zarar numfashi ya kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na debi, ƙara shi ba ya ƙara komai sai kaɗan. Layin kapno da ya ƙi taɓa ƙasa shi ne shaidar tana sake shaƙar abin da ta fitar.

Wannan hali nasa kuma shi ne ya sa Bain ya fi kowane tiyo sauƙin lissafi. Ga babba wanda ake hura wa numfashi, debi mililita 70 ga kowane kilo a minti kan ajiye CO2 na jini wajen 40, mililita 100 kuma kan sauke ta wajen 35, da sharaɗin numfashin minti ya kai mililita 120 zuwa 150 ga kowane kilo. Ga matar taki lita 4.2 ke nan, numfashi kuma lita 7 zuwa 9. Da lita ɗaya da ɗan kai kika ƙara a debi, da kin ga abin da ƙarin numfashi shida ya kasa yi. Na san dalilin da ya sa kika tsaya a 3. Butelin oksijin ba ya zuwa kan lokaci, injin tace oksijin da yawa lita 5 ne iyakarsa, kuma duk litar da kika ƙara tana tafiya da halotan ko izofuluren. Amma in tattali ake so, tiyon zagaye da sho mai kyau shi ne wurinsa. Bain ba ya karɓar rangwame ƙasa da 70.

In maras lafiya da kansa yake numfashi, labarin ya sauya sosai. Bain a nan maci ne, yana neman ninki biyu zuwa uku na numfashin minti, mililita 150 zuwa 250 ga kowane kilo, lita 9 ko fiye ga mai kilo 60. Tiyon Magill, nau'in A, akasinsa ne: mililita 70 ga kilo sun ishi mai numfashi da kansa, amma da kin fara matsa balo, jakar robar da ake hura numfashi da hannu, sai ya zama mafi muni a cikinsu. Na sha ganin an fara da Magill, an ba da maganin sakin tsoka, an ci gaba da matsa balo da debi ɗin farko. Ki kiyaye wannan.

Ga yara ƙasa da kilo 20, tiyon T na Ayre na 1937 da balon da Jackson Rees ya ƙara masa a 1950 halinsu ɗaya da Bain. In kina hura wa yaro, ki fara da lita 1 ki ƙara mililita 100 ga kowane kilo, kada ki sauka ƙasa da lita 3. Yaro yana samar da CO2 ga kowane kilo fiye da babba, jariri kusan ninki biyu, don haka lissafin 70 na manya ba nasa ba ne. Injinan da ke jan iskar ɗaki ta cikin tukunyar magani, irin su OMV da Glostavent, su ba sa mayar da tsohon numfashi sam, sai fa in bawul ɗin da ke bakin maras lafiya ya maƙale da laima ko an harhaɗa shi ba daidai ba bayan wanki.

Kafin ki yarda da kowane lissafi a Bain, ki tabbatar ɗan tiyon ciki yana nan a manne. In ya ɓalle daga gindi, iska sabuwa za ta zube tun daga wajen injin, babban tiyon gaba ɗayansa ya zama iskar da ba ta aiki, CO2 ta yi ta hawa komai debi. Gwajin bai kai minti ɗaya ba. Ki buɗe oksijin lita 2 ko 3, ki toshe bakin tiyon ciki da sandar sirinji mai mililita 2, ki kalli ƙwallon da ke nuna yawan debi a injin: in ya nutsa ƙasa, tiyon lafiya yake. Akwai kuma gwajin Pethick, ki toshe bakin tiyo ki cika balo, ki saki kina danna maɓallin oksijin mai ƙarfi, balo ya kamata ya tsotse. Ni na fi amincewa da na sirinji.

Inda lissafin ke ƙarewa

Duk abin da na faɗa ya tsaya kan zaton cewa jiki yana samar da CO2 yadda aka saba. Zazzaɓi kan ƙara ta da kashi 10 zuwa 13 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya, kuma mu da yawan waɗanda muke wa aikin gaggawa da zazzaɓi suke zuwa, ga hanjin da taifot ta huda, ga masassarar cizon sauro a kai. Kwance igiyar ɗaure ƙafa, allurar bikabonet, da iskar da ake hura wa ciki a aikin madubi, wato fiɗar da ake yi da kyamara ta ƙaramin huji, duk suna ɗaga ta. Ga mai maƙoƙo da ba a daidaita ba kafin aiki, hawan CO2 tare da bugun zuciya da zafin jiki na iya zama tashin maƙoƙon ne. In kuma kin ba da halotan ko suksametoniyam, maganin sakin tsoka, CO2 tana hawa duk da kin gyara debi da numfashi, muƙamuƙi ya ƙage, ki kawo zazzaɓin nan mai kisa na anastazi a ranki nan take, ki rufe tukunyar magani, domin hawan CO2 kan riga zafin jiki bayyana. A taki matar, layin da bai taɓa ƙasa ba da ƙaramin debi sun isa bayani, amma ni da na duba zafin jikinta da bugunta kafin in saki jiki.

Sannan lissafin na jinin jijiya yake faɗa, kapno kuma abin da ya fito ta numfashi yake gani. Tazarar 2 zuwa 5 ta mai lafiya ce. In jini ya daina isa huhu yadda ya kamata, tazarar kan buɗe, kapno ya faɗi alhali na jini yana hawa. Na ga haka a wata sezariyan da mahaifa ta ƙi tsukewa: lambar tana 33, cikin ƴan mintoci ta zame 27, ta zame 22, injin numfashi bai sauya ba, abin awon hawan jini bai ma kai ga sake matsawa ba. Na leƙa ƙarƙashin zanen aiki, jini ya taru tsakanin ƙafafu yana ɗiga ƙasa. Wanda zai rage numfashi a nan don ya "gyara" lambar ya yi kuskure babba, jini da ruwa take nema. Babu lissafin takarda da zai nuna miki wannan, kamar yadda ba zai gaya miki bututu ya shiga hanyar abinci ko tiyo ya ɓalle ba.

CO2 kuma ba ta gaggawa. Jiki na da ma'ajiyarta mai yawa, don haka in kin ƙara numfashi ko debi ki ba shi minti 10, in kin rage kuma hawan kan ɗauki minti 20 ko fiye kafin ya tsaya. In numfashi ya tsaya cak, takan hau wajen 6 a mintin farko, sannan 3 zuwa 4 kowane minti. Ga mai numfashi da kansa da aka ba fentanil ko mofin, ba na lissafi ko kaɗan, don ba ni ke riƙe da numfashin ba.

Alamun jiki suna taimakawa, amma ba sosai ba. Bugun zuciya da sauri, hawan jini, gumi, jijiya na harbawa da ƙarfi, maras lafiya na faɗa da injin, jinkirin farkawa. Ketamin da atirofin da ɗakin da aka ɗauke wa wuta a watan Mayu duk suna ba da irin waɗannan. Abin awon oksijin na yatsa kuwa zai ci gaba da nuna 99 ga wanda ke kan oksijin mai yawa ko da CO2 ta kai 80.

Ranar da kapno ke ɗayan ɗakin

Ƙa'idojin da hukumar lafiya ta duniya da ƙungiyar likitocin anastazi ta duniya suka fitar a 2018 sun ba da shawarar kapno ga duk wanda aka sa wa bututu, kuma a 2023 ƙungiyoyin agaji na Lifebox da Smile Train sun fito da wani mai sauƙin kuɗi don asibitoci irin namu. Ki rubuta wa shugabannin asibitinku buƙatar na biyu, ki haɗa da labarin matar nan. Kafin ya samu, ga yadda nake raba guda ɗaya.

Ko wane ɗaki ne, a kawo shi lokacin sa bututu, a ga layi yana hawa yana sauka sau shida ko bakwai, a bar shi minti 10 zuwa 15 har lamba ta zauna, sannan a mayar. Aikin da aka yi da allurar baya ba ya riƙe shi. Waɗanda ba na yarda a ɗauke musu shi su ne ƙananan yara, wanda ya bugu a kai, mai zubar jini, mai zazzaɓi, mai amosanin jini, da mai ciki, wadda ita daidai ɗinta 30 zuwa 32 ne, 45 a wajenta ya yi yawa. Mai lafiya kan jure 50 na ɗan lokaci ba tare da illa ba, sai dai in halotan ne kuma likitan fiɗa ya yi allurar adirenalin a wuya, nan zuciya kan rikice. Ki kuma kula da ɗayan gefen, hannu mai matsa balo kusan kullum wuce gona da iri yake yi, CO2 ta faɗi ƙasa da 30, jinin ƙwaƙwalwa da na mahaifa ya ragu, a ƙarshen aiki a tsaya jiran numfashin da ya ƙi dawowa. Ki riƙa ƙirga da agogon bango, matsa ɗaya duk daƙiƙa biyar ga babba.

Duk ranar da kapno ke hannunki, ki rubuta lissafinki a gefen takardar anastazi tun kafin ki kalli allon: kilo, irin tiyo, debi, numfashi, da lambar da kike tsammani, sannan ki rubuta wadda ta fito bayan minti 15. Bayan wata biyu ko uku za ki san yadda injinku da filtir ɗinku da marasa lafiyarku suke kaucewa lissafin, da nawa kuma ta wane gefe. Maganar ruwa a siririn tiyon kapno kuwa, ki jona shi ta bayan filtir, ɓangaren injin, bakinsa na kallon sama, ki riƙa zubar da tarkon ruwan kafin ya cika.